Na'urar da Aka Yi wa Karɓa-Karɓa

Ƙarshen damina, gyaɗa ta fara nuna, wa'adin Mijinyawa a ofishin ƙungiyar manoman Ƙaraye da Rogo saura kaka ɗaya ya cika.

Ofishin shago ne guda a bakin titi, da tebur, da fanka, da na'ura. Na'urar wata hukuma ce ta ba ƙungiya kyauta, kwamfuta ce mai launin toka da ke kiran wayoyin manoma ta faɗa musu saƙo da murya: gobe akwai ruwa, tsutsa ta ɓulla a Zoza, motar masu sayen gyaɗa na tafe. Mijinyawa ne ke ɗaukar muryar, shi ke riƙe da makulli. A dokar ƙungiya kuwa, makullin karɓa-karɓa ake yi da shi, kamar shugabanci, kamar wanda zai buɗe taro da addu'a: wa'adi a hannun ɗan Ƙaraye, wa'adi a hannun ɗan Rogo. Mijinyawa ɗan Ƙaraye ne. Amma mahaifiyarsa Baraka 'yar Jajaye ce ta ƙasar Rogo, kuma tun da wa'adin ya ƙarato ba ya wuni bai tuna wa wani hakan ba. Tazarce yake so.

Injiniya yake kiran kansa. Abin da ya sani shi ne canza gilashin waya da 'yan watannin da ya yi a wata makarantar kwamfuta a Kano, inda aka fi koyar da buga takarda. Shi ma ya san iyakar saninsa, shi ya sa ba ya barin kowa ya matso kusa da na'urar.

Wata safiya Injiniya Halima Sadiya, wadda ta kafa na'urar tun farko, ta kira shi daga Kano. Ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tsufa, masu ita sun kusa daina kula da ita, dole a sabunta. Kuma hanya biyu ce. Akwai reshen tsaro, wanda ba ya kawo sabon abu ko ɗaya, sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet za su bi a toshe ta. Akwai kuma reshen da ake kira sitebul, wanda kullum ake ƙara masa gyare-gyare da sababbin abubuwa, amma yana son mai zama a kansa ya san abin da yake yi.

"Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai," in ji ta. "Da ni ce, na'urar da mutane suka dogara da ita, tsaro zan bi. Amma ko wanne ne, ɗaya dai."

Mijinyawa ya ce ai duk wannan ya sani, da ma yana shirin kiranta ya ba ta shawarar. Daga ajiye waya ya nufi teburin mai shayi, ya zayyana wa mazauna benci labarin rassa biyu, ya ƙara gishiri inda ya manta. Kafin ranar kasuwa maganar ta kai Rogo ta dawo, kuma ta dawo da jam'iyya biyu.

Alhaji Nuruddeen, shugaban ƙungiya, ɗan Ƙaraye, ya ce sitebul za a bi, don mutanen Ƙaraye ba su taɓa ganin sabon abu sun kau da kai ba. Malam Muntaka na Zoza ta ƙasar Rogo, mataimakinsa, wanda aka taɓa yi wa ƙanensa damfara ta waya, ya ce tsaro ko a kashe na'urar. Babu ɗayansu da ya taɓa taɓa ta. Aka kira taro a ƙarƙashin mangwaron makarantar firamare, Ƙaraye a dama, Rogo a hagu, Mijinyawa a tsakiya da gumi a ƙeya. Lissafin a fili yake: duk reshen da ya ɗauka, rabin masu ɗaga hannu sun tafi.

Yana cikin kallon ƙasa dabarar ta faɗo masa, har shi kansa ya ji tsoron kyanta. Ya miƙe, ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ya gyara murya.

"Iyayena, na'urar nan 'yar ƙungiya ce ko baƙuwa?"

Aka ce 'yar ƙungiya ce.

"To me zai hana ta bi dokar ƙungiya? Mako guda a reshen Ƙaraye, mako guda a reshen Rogo."

Sai aka ɗauki tafi. Alhaji Nuruddeen ya ce da ma abin da ke ransa ke nan. Malam Muntaka ya ce adalci ba ya wuce haka. Tasalla ce kawai ba ta tafa ba, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli ta Jajaye, ƙawar Baraka tun ƙuruciya, wadda ta san Mijinyawa tun yana yawo ba wando.

"Ɗan gidan Baraka, ita na'urar an tambaye ta?"

"Inna, ni da ita bakinmu ɗaya."

"Haka ka ce game da akuyar uwarka ranar da ta ja ka cikin kwata."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka watse. Ƙaraye za ta fara, tunda makulli a hannunta yake.

Abin da ya cuci Mijinyawa shi ne karon farko ya yi kyau. Ya bi matakan da Halima Sadiya ta turo, na'ura ta wuni tana zubo farin rubutu a baƙin allo, shi kuma ya buɗe ƙofa don masu wucewa su gani. Duk wanda ya leƙo sai ya nuna masa layi guda da yatsa, ya girgiza kai, ya ce nan ne wurin da ƙananan injiniyoyi ke faɗuwa. Da la'asar ta mutu ta tashi, ta kira manoma lafiya lau. A ranar ya sayi sabuwar hula. A wurin mai shayi ya ce nan gaba daga Kano za a riƙa zuwa koyon tsarin, kuma bai yanke shawarar ko zai yarda a sa masa sunansa ba.

Da mako ya zagayo aka yi bikin miƙa mulki. Aka raba goro, Alhaji Nuruddeen ya ɗauki linzamin kwamfuta da hannu biyu ya miƙa wa Malam Muntaka, aka ɗauki hoton bidiyo. Sai da kowa ya tafi Mijinyawa ya gane cewa matakan da ke hannunsa na hawa ne, babu na saukowa. Ya dai tura ta. Na'urar ta shiga jero masa tambayoyi da Turancin da ba na makarantarsu ba, kowace tambaya da zaɓi biyu: a bar wannan, ko a ɗauki wancan. Ya karanta ta farko sau da dama, bai ƙaru da komai ba. Sai ya koma ga abin da ya sani. Wannan ya ba Ƙaraye, na gaba ya ba Rogo, haka har tambayoyin suka ƙare, babu wanda aka zalunta.

Washegari saƙon ya fita da wata murya mai kauri, a hankali, kamar daga cikin rijiya. Sulle, wani makiyayi ɗan ƙungiya, ya taso tun daga rugarsu ya ce da ya sa wayar a kunne sai da ya yi a'uziyya, kuma bijiminsa ya amsa. Mijinyawa ya ce ai muryar tsaro ke nan, an yi ta ne don ɓarawo ya ji gabansa ya faɗi. Malam Muntaka ya ji daɗin bayanin ƙwarai, ya riƙa kunna wa baƙi.

Da aka koma reshen Ƙaraye muryar ta sirance ta kama gudu, sai ka ce zabuwa ta ga shaho. Alhaji Nuruddeen ya ce ci gaba ke nan, saƙon da ke cin minti yanzu kafin ka zauna ya ƙare. Cewa ba a gane abin da ake faɗa, wannan laifin kunnuwan da ba su saba da zamani ba ne.

Daga nan agogon na'urar ya ɓace. Ranar wata Asabar ana ɗaurin aure a Yola ta ƙasar Ƙaraye, an yi siga, liman ya ɗaga hannu, sai aljihunan rabin masu zaman tabarma suka ɗauki kuka a tare. Waliyyin ango, da ya ɗauka dangi ne daga nesa za su yi murna, ya amsa ya buɗe murya, zabuwa ta shiga koya wa taro yadda ake kashe ƙwarin rumbu. Liman ya jira ta gama. Da ta gama ta sake kira.

Ƙaraye ta ce gadon ɓarnar makon Rogo ne. Rogo ta ce lafiya lau ta miƙa. Kowane ɓangare ya riƙa zuwa wurin Mijinyawa a asirce, shi kuma ya rage murya ya ce shi ba ya son raba kan jama'a, amma mai hankali ya san daga inda matsalar take. Bai taɓa shan gaisuwa irin ta wannan lokaci ba. An aiko masa da zabi daga Zoza, an aiko da rake daga Yola. Yana ci yana kallon na'urar, yana ji a ransa kamar mai kiwon kura da aka yaba wa iya kiwo. Sau biyu Halima Sadiya ta kira ta ji wane reshe ya zauna a kai. Ya bar wayar ta yi ta ruri a kan tebur, daga baya ya tura mata cewa sabis ne babu.

Bayan miƙa mulki na gaba na'urar ta manta watan da ake ciki. Ta koma farkon damina, ta tono saƙon da aka aika a lokacin, ta kira kowa da kowa: taki ya iso, a zo ofis da buhu. Wannan karon, don ƙarin rashin sa'a, muryar ta fita tangaram.

Mijinyawa na karyawa ya ji hayaniya. Kafin ya isa ofis, titi ya cika da babura da jakuna da amalanke, har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, don labarin taki ba ya tambayar katin shaida. Ya yi niyyar juyawa, wani ya hango sabuwar hular. Ya hau kan benci ya ce a kwantar da hankali, gwaji ne, ana auna saurin amsawar manoma, kuma yana farin cikin sanar da su cewa sun ci.

"Jakin da na aro fa?" in ji Tasalla daga cikin taro. "Shi ma ya ci?"

"Inna, shi ne ma na ɗaya."

"To sauko ka gaya masa, ga shi nan yana jiran sakamako."

Sai da Alhaji Nuruddeen da Malam Muntaka suka zo tare, kowa yana nuna ɗan'uwansa da haɓa, sannan aka samu jama'a suka watse.

Abin dariya ya ƙare a makon da aka cire gyaɗa. Hasashen yanayi ya nuna ruwan bankwana na tafe, mai yawa. Mijinyawa ya ɗauki murya da kyau, a tattara shanya, a rufe. Ya danna aikawa, na'ura ta ce ta aika. Abin da ya isa wayoyin mutane kuwa saƙon kakar bara ne: sama ta washe, a baza gyaɗa. Aka baza. Bayan kwana kaɗan Tasalla ta shigo ofis ba sallama, ta ajiye ƙwarya a kan tebur kusa da linzami. Gyaɗa ce ta yi baƙi, wata ta tsiro. Ta juya ta fita, shi kuwa wannan karon bai tambayi wace ce ta zo ta ɗaya ba.

Babban taron shekara, inda za a yanke maganar makulli, ya faɗo a makon. Mutum mai hankali da ya kira Kano. Mijinyawa ya ɗauki wayar, ya tuna zai fara da bayanin sabis, ya ajiye. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya gano cewa kuskuren ba a tsarin yake ba, a hawa da sauka yake. Maganin sai a daina miƙa mulki gaba ɗaya, a kafa gwamnatin haɗin kai: zuciyar manhajar daga reshen Rogo, sauran jikinta daga reshen Ƙaraye, su zauna tare har abada, a ƙarƙashin mutum ɗaya da ya san halin kowa. Ya haɗa komai, ya bar tayar da ita sai a gaban jama'a.

A Rogo aka yi taron, a filin makaranta. Ya ɗauko na'urar a bayan babur nannaɗe da bargo, ya aro janareta da talabijin babba da lasifika. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ambaci Jajaye sau da yawa, ya ce abin da za su gani yau ko a Kano ba a taɓa yi ba, wanda kuwa gaskiya ne. Ya kira Alhaji Nuruddeen da Malam Muntaka su ɗora yatsa tare a kan maɓalli.

Na'ura ta tashi. Farin rubutu ya zubo, jama'a suka yi kabbara. Rubutun ya tsaya, allo ya yi baƙi, ta sake tashi da kanta. Mijinyawa ya ce gaisuwa take yi, ta gaida Ƙaraye, yanzu za ta gaida Rogo. Ta mutu ta tashi karo na uku.

"Wannan kuma wa take gaisarwa?" in ji Sulle.

"Baƙi."

Ta ci gaba da gaida baƙi har masu tallan gyaɗa suka matso kallo. Can ta gaji, ta rubuta layi biyu, ta tsaya, wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a ƙasa. Ya danna wannan, ya danna wancan, ya cire waya ya mayar, ya hura bayanta. Ɗigon bai fasa ƙyaftawa ba.

Alhaji Nuruddeen ya ce a kira mai ita. Malam Muntaka ya ce a sa a lasifika kowa ya ji, don kada a ce an ce. Karon farko ke nan da suka yarda da abu ɗaya ba tare da an raba goro ba.

Halima Sadiya ta ɗauka, aka gaisa, ta tambayi gida da kaka, ta ce ashe sabis ya dawo. Mijinyawa ya fara bayani daga nesa, daga tarihin zumuncin garuruwan biyu. Ta ce ya karanta mata abin da ke allo. Ya karanta yadda ya iya. Ta tambayi wane reshe ya bi. Ya ce ai nan ne hikimar take, ya faɗa mata, a gaban kowa, da muryarsa tana dawo masa daga bangon aji.

Kafin ta amsa har wani ya ce kati ya ƙare.

"Sau nawa ka hau ka sauka?"

"Duk mako, Hajiya. Ba a taɓa tauye wa kowa ba."

"Filashin da na bar maka, mai ajiyar komai, yana nan?"

Yana nan. Sai dai wuri ya ƙare a wayarsa, bidiyon bikin miƙa mulki kuwa tarihi ne, don haka ya share abin da ke cikin filashin ya zuba su. Duk suna nan, babu wanda ya ɓata.

Ta ja numfashi, lasifika ta kai shi har bakin titi. Ta ce sai an sake kafa komai daga tushe, kuma ita tana wani aiki a nesa, ba za ta samu zuwa ba sai an gama kaka. Sannan ta ce tambaya ɗaya gare ta, don Allah: duk ƙungiyar babu wanda ya hana shi?

Dattawa suka shiga duba takalmansu. Alhaji Nuruddeen ya ce sabis na yankewa, ya sa aka kashe.

Sai maganar makulli. Alhaji Nuruddeen ya miƙe da fara'a ya ce alhamdu lillahi wa'adin Ƙaraye ya cika, doka doka ce, ga amana nan Rogo ta karɓa. Malam Muntaka ya ce Allah ya saka da alheri, amma su mai rai suka ba Ƙaraye, mai rai za su karɓa. Alhaji ya ce a ƙasar Rogo ta cika. Malam ya ce da ciwonta ta zo. Mijinyawa ya lallaɓa ya ajiye makullin a kan tebur, ya fara ja da baya wajen babur, yana tunanin wani abokinsa mai shagon waya a Zariya.

"Ɗan gidan Baraka, dawo." Tasalla ce, ko tashi ba ta yi ba. "Ku kuna ta wahala. Yaron nan tun damina yake gaya mana shi na kowa ne. To a bar masa."

Mijinyawa ya ce shi a gaskiya mai bin doka ne, ba ya son a karya tsari saboda shi. Ta ce babu komai, sun yafe. Sai dai ƙungiya saƙo ta sani, ba na'ura ba. Masu sayen gyaɗa na tafe, dole kowa ya ji ranar. Mai makulli shi ne mai saƙo, yadda zai isar kuma wannan aikin injiniya ne.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Dama ta ɗaga, hagu ta ɗaga, har masu tallan gyaɗa. Sulle ya zare igiya daga sandarsa ya zura makullin, Alhaji da Malam suka rataya masa a wuya tare, aka ɗauki hoto. Babur na ƙungiya ne, aka ce mai ya yi tsada, akwai keke.

Da hantsin Litinin ya isa gonakin Zoza, amsa-kuwwa ɗaure a ƙahon keke, ƙafar wando cike da ƙarangiya. Ya tsaya a bakin wata gona ya sanar cewa motar masu sayen gyaɗa za ta zo ranar Alhamis, a kawo busasshiya. Wani tsoho ya ɗago daga kan kunya, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, Allah ya yi albarka. Mijinyawa ya ɗora ƙafa a feda.

"Tsaya, Injiniya. Mai ɗakina fa?"

"Baba, ai sai ka gaya mata."

"A'a. Ita da wayarta, daban ake kiranta. Ba ta yarda da saƙon da ya biyo ta bakina."

Ya nuna da fartanya wani gida can bayan fadama, inda keke ba ya shiga. Mijinyawa ya jingine keken a jikin ɗorawa, ya kwance amsa-kuwwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga ruwa.